Ɓerayen Akeyo

Yayana Ogutu ya yi rayuwarsa yana gyaran keke a kasuwar Ahero. Bakinsa ba ya hutawa, ko liƙin taya ka kawo sai ka sha labari. Da ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, aka kai shi Nairobi aka yi masa gashi da na'ura. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da dariyarsa. Ya dawo yana wuni a ɗaki, ko ugali, tuwonmu na masara, ba ya taɓawa.

'Yarsa ɗaya, Akeyo, tana aiki a wani ɗakin bincike a Kisumu. Aikinta shi ne ba ɓeraye magani. Ana haska musu irin hasken da aka gasa ubanta da shi, su shiga damuwa, su maƙale a lungu, su ƙi shan ruwan sukari. Ita kuma ta ba su magani ta ga ko za su warware. Hannunta kaɗai suka saba da shi, baƙon hannu zai firgita su ya ɓata aikin. Saboda haka ko Lahadi ba ta zuwa gida.

Kishi ya ci Ogutu, ni ma ya ci ni a madadinsa. Mu da muke kashe ɓera a rumbun shinkafa!

In ta kira waya sai ya ce, "Ya iyayen gidan naki? Sun ci sun ƙoshi?"

"Haba Baba! Aikin nan fa don irinku ake yi."

"Irina? To ga ni nan da raina, ba sai an sake haska ni ba. Ko don ba ni da wutsiya?"

Wata Lahadi sai ga ta da jaka, idanu sun yi ja. An gama gwajin, an kashe ɓerayen duka don a duba ƙwaƙwalwarsu. Ogutu ya yi mata ta'aziyya yana danne murmushi, ya leƙo ya ce mini, "Yanka zakaran nan!" Ranar ya ci, har da ƙari.

Yana wanke hannu ya ce, "To yanzu kin dawo ke nan, 'yata?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ran Laraba ake kawo sabbi."

Ya daɗe yana goge hannu a wandonsa, sannan ya ce a hankali, "Su nawa ne? Ki tambaya ko akwai gurbin mutum ɗaya."