Romanus Mai Jan Sarƙa da Tsakuwa Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Cyprian akawu ya yi ƙarya a takardar gwamnati, kuma ƙaryar ta kusa nutsar da gari guda. Na faɗi sunansa don kada a ce ina kewaye-kewaye. Amma ba dominsa na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne domin mutumin da ya tare ɓarnar, Romanus mai jan sarƙa, wanda ya ajiye aiki ƙarshen watan jiya bayan shekara talatin da ɗaya yana bin safiyo, jami'in awon ƙasa, a duwatsun Jos.

Ni tela ne a unguwar Ali Kazaure, kuma ta ƙofar shagona yake wucewa. Kullum muna fitowa daga sallar asuba za ka gan shi ya taso daga unguwar Abattoir, takalmin taya a ƙafa, buhun turaku a baya, sarƙa a kafaɗa. Ga wanda bai sani ba, sarƙar nan ta ƙarfe ce, da ita ake auna ƙasa. Shi ke jan bakinta ya ratsa ƙaya da rafi, ya kafa turke, safiyo ya rubuta. Taswira ta fito da sunan safiyo, mai jan sarƙa ya koma gida da kaushi. Tun yana saurayi sarƙar ta tsage masa babban yatsan dama, tabon yana nan har yau.

Ubangidansa na farko wani Bafaranshe ne da leburori suke kira Mai Lofe. Mutumin Biretanya ne, wani yanki na ƙasar Faransa a bakin teku. Duk inda aka kafa masa tanti sai ya rataye wata tsohuwar takarda mai zanen garinsu. Romanus ya ce garin bai kai rabin unguwar Jos Jarawa ba: rafi ɗaya, coci ɗaya, injin niƙa biyu na ruwa, sauran duk gonaki ne da duwatsu irin namu. A gefen zanen an jera yawan mutanen garin, duk bayan shekara biyar. Mai Lofe yakan ɗora yatsa inda lissafin ya faɗo daga dubu da ɗari zuwa ɗari tara da 'yan kai, ya ce lokacin babban yaƙi ke nan, 'yan'uwansa biyu suna cikin waɗanda suka ɓace a tsakani. Abin ya tsaya wa Romanus a rai, cewa ɗan mitsitsin gari a ƙarshen duniya an san rafinsa an san mutanensa, har in mutum ɗaya ya ragu takarda ta nuna. Daga wurin mutumin nan ya ɗauki doka guda: ba ya shaidar ƙasar da ƙafarsa ba ta taka ba.

A daminar 1953 wani kamfanin kuza ya nemi kwarin da ke bayan wani dutse gabas da gari, zai datse rafin ya tara ruwan wankin kuza. Ƙa'ida ita ce a je a duba ko akwai mazauna kafin a ba su. Safiyo yana kwance da zazzaɓi, sai aka tura Cyprian tare da Romanus. Cyprian ɗan yayan matar Romanus ne, kuma Romanus ne ya nemo masa aikin.

Da suka isa gindin dutsen, Cyprian ya dubi taɓo, ya dubi farin takalminsa, ya tsaya a kan titi ya ɗaga madubin hangen nesa. Bai ga komai ba sai duwatsu da ƙerana, icen nan mai ƙaya da ake shinge da shi. Duk wanda ya san mutanen dutse ya san haka suke gini: ɗakuna a tsakanin duwatsu, jinka ta yi launin dutse, ƙerana ta kewaye. Romanus ya nuna masa hayaƙi, Cyprian ya ce na makiyaya ne. Ya rubuta cewa babu mazauna. Akwai gurbin da mai jan sarƙa yake dangwala yatsa ya shaida an taka wurin. Romanus ya ƙi, ya ce sai sun hau. Cyprian ya ce to za su dawo in ƙasa ta bushe. Ya koma ofis ya dangwala nasa yatsan a ƙarƙashin sunan Romanus.

Bayan wata huɗu aka ba Romanus turaku ya je ya kafa inda ruwa zai tsaya. Ya hau dutsen ya gangara, sai ga shi a tsakiyar gari, mata suna sussukar acca. Garin sunansa Bayan Dutse. Ya auna da ido ya ga in an datse rafin ruwa zai shanye shi har jinka, kuma saura mako uku a fara.

Da Romanus ya dawo, wurin Cyprian ya fara zuwa. Shi kuwa ya ce takarda ta riga ta sha hatimi, ba mai buɗe ta, in ruwa ya zo mutanen ai suna da ƙafa. A gida Nkoli, matar Romanus, ta zaunar da shi ta ce ya tuna yaron nan a hannunta aka damƙa shi, in aka kore shi da wane ido za ta dubi yayanta. Ita da kanta ta ba ni labarin da ta kawo ɗinki. Ta ce amsar da ya ba ta ita ce: "Nkoli, akwai mata kamar ke a can, da tukunya a wuta. Na gan su."

Matsalar ita ce bakin mai jan sarƙa ba ya karya takarda mai hatimi. Dole ya kawo adadi. Mutanen Bayan Dutse kuwa ba sa yarda a ƙirga su. Suna tsoron a biyo su da haraji, kuma a wurinsu faɗin yawan 'ya'yanka kiran mutuwa ne. Mai garin, wani dattijo Azi Nyam, ya yi masa dariya ya ce jiya ya zo da sarƙa, yau ya zo da ƙidaya, gobe kuma da me zai zo, da igiya? Romanus bai yi musu da al'adarsu ba. Ya nemi aron ƙwarya, ya ce ba ya son sunan kowa, kuma kada kowa ya faɗi adadi da baki. Kowane maigida ya ɗebo tsakuwa daga rafinsu, ɗaya ga kowane rai da ke kwana a gidansa, ya zuba, shi zai juya baya. Azi ya ce tsakuwa dai ba ta mutuwa. Shi ya fara zubawa.

Kwana uku yana bin gidaje. Wata tsohuwa ta tsaya tana gardama a kan surukarta mai ciki, ta ce biyu za a sa mata. Romanus ya mayar mata da ɗaya, ya ce ta ajiye sai an haihu, ba zai kai wa hukuma ko da rabin ƙarya ba. Tsohuwar ta zage shi da yarenta, ta ƙulle tsakuwar a bakin zane.

Abin da ya faru a ofishin Di'o, Baturen mulki, Musiliu masinja ne ya gani. Ya ce ya hana Romanus shiga saboda ƙafarsa duk taɓo, Romanus ya ratse shi ya juye ƙwaryar a kan tebur, tsakuwa ta gangara har ƙarƙashin kujera. Di'o ya miƙe yana tambaya wane irin hauka ne wannan.

"Oga, wannan mutane ne," in ji Romanus. "Ɗari huɗu da sha biyu. Takarda ya ce babu su."

Aka ɗauko takardar, Di'o ya nuna masa dangwalen da ke ƙarƙashin sunansa. Romanus ya jawo kwalbar tawada. Ya tsoma yatsansa a tawada ya danna a gefe. Nasa da tsaga a tsakiya, wancan sumul. Washegari Di'o ya hau dutsen da ƙafarsa, ya ƙirga gida saba'in da ɗaya. Aka soke izinin, kamfani ya kai datsensa wani kwari da ba kowa. Taswirar da aka sake bugawa tana da sunan Bayan Dutse da rafinsa.

Kada ku zaci an yi masa tukuici. Nkoli ta yi wata biyu tana ajiye masa abinci ba magana. Ƙungiyar 'yan garinsu ta hana shi zama a taronta shekara guda. A ofis ba a ƙara masa ko igiya ba, da sarƙa ya shiga da sarƙa ya fita.

Romanus, kai ne ka hau inda mai takalmi ya ƙi hawa. Kai ne ka zaɓi mutanen da ba ka jin yarensu a kan ɗan gidanka, don su ke da gaskiya. Addininmu ba ɗaya ba ne, garinmu ba ɗaya ba ne, amma na shekara talatin ina kallon mutanen garin nan ta ƙofar shago, ban ga uku kamarka ba. Mun gode. Allah Ya huta gajiyarka, Ya ba ƙafafun nan lafiya.

Ku kuma samarin da kuka fito makaranta kuna cika ofisoshi, ana ta cewa ba da daɗewa ba ƙasar nan za ta dawo hannunku. To ku ji. Kowace lamba da kuke rubutawa mutum ne mai ɗaki da gona. In an aike ku duba wuri, ku je wurin. In takalmi zai hana ku, ku tuɓe shi.

Ranar da Romanus ya ajiye aiki, Azi Nyam ya aiko masa da kwandon acca. A samansa akwai ƙullin tsumma, a ciki tsakuwa ɗaya. Ɗan aiken ya ce tsohuwar nan ce ta ce a ba shi, yarinyar da surukarta ta haifa ta shekara uku, yanzu sai ya ƙara.

Shi kuwa Cyprian, an kore shi daga aiki, an hana shi aikin gwamnati har abada, alƙali ya ɗaure shi wata shida saboda dangwalen ƙarya. Dutse ya fasa a gidan yari, ba takalmi.