Likita Ya Sha Ruwa Rana Ba Ta Faɗi Ba

Ƙanin matata ya ci mini fuska a gaban yayarsa, a tsakiyar hamada, a kan agogo. Ya ce agogona bai san an zo Amurka ba, haka ma mai shi. Yana dariya ya faɗa, da dabino a hannunsa. Na san akwai wasa tsakanin mutum da ƙannen matarsa, ni ma na sha tsokanarsa. Amma ina da kunne. Na san muryar wasa, na san wadda ba ita ba.

Wannan da kowa ke ce wa Likita yanzu, ni na je filin jirgi na ɗauko shi da akwati ɗaya. Shekara biyu yana kwana a doguwar kujerar falona a Landover, littattafansa har ƙarƙashin teburin cin abinci. Ni na nuna masa yadda ake hawa bas. Rigar sanyinsa ta farko tawa ce, hannun ya yi masa tsawo, sai ya naɗe. Yau yana da gida a Bowie, har da mai zuwa yanke masa ciyawa. Ni kuwa aji biyu na yi a sakandare na bari, kuma sama da shekara ashirin ke nan ina jera motocin mutane a garejin ƙarƙashin ƙasa a Washington. Ba hassada nake yi masa ba. Yaron kirki ne, bai manta ba. In ya zo gidana, kafin ya zauna sai ya ɗaura mini abin awon hawan jini yana yi mini faɗa a kan gishiri.

Shi ya kawo maganar tafiyar. Ya ce shekarun nan duka ba mu taɓa ganin komai a ƙasar nan ba sai hanyar wurin aiki, zai kai mu Arizona mu kwana uku a tanti. Na ce masa yashi da rana muka baro a gida, yanzu kuma mu hau jirgi mu je mu kwanta a kansu? Ga shi azumi ya kama. Ya ce makon nan kaɗai ya samu hutu. Matata tana so, na gani a fuskarta, sai na yarda. Mun san an yi wa matafiyi sassauci, amma mu ukun muka ce za mu yi azuminmu, tunda zaune za mu kasance wuri ɗaya.

Agogon da ake magana na hannu ne, tsoho, kuma a kan lokacin gida yake. Tun da na zo ban taɓa juya shi ba. Da shi nake sanin ko mahaifiyata ta idar da sallar asuba in kira ta, kafin Allah ya yi mata rasuwa, kuma bayan nan ban ga dalilin taɓa shi ba. Lissafin a kaina yake: da sanyi in cire awa shida, da zafi in cire biyar, saboda mutanen nan sau biyu a shekara suke tura agogo gaba su dawo da shi baya, kamar rana ma'aikaciyarsu ce. Da muka sauka a Arizona na tambaya, na ƙirga, na ga takwas zan riƙa cirewa.

Wurin da ya kai mu yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Wani kwari ne tsakanin jajayen duwatsu dogaye, kusa da iyakar jihar Utah. Ba hayaniya, ba sabis na waya. Matata ta shimfiɗa darduma tana ta kallon sama kamar yarinya. Likita ya zo da takarda da ya buga, lokutan salla na wurin a jere, magariba wajen shida da rabi. Juma'a da Asabar komai ya tafi daidai: takarda ta ce, waya ta ce, agogona ya ce, sama ma ta ce.

Ranar Lahadi da la'asar ya hau wani tudu neman sabis, zai ji lafiyar iyalinsa. Ya daɗe a can. Da ya sauko ya duba waya ya ce wa yayarsa ta yi sauri da kunu, saura minti goma. Na duba hannuna. Ɗaya da minti ashirin na dare a gida. Jiya da biyu da rabi na agogon nan muka sha ruwa. Na sake cirewa da yatsu, na ga saura awa guda da minti goma.

Na faɗa masa. Na ce yau ce Lahadin da ake tura agogo gaba, wayarsa ta yi tsalle. Ya ce ai shi ya sa ya zaɓi Arizona, ita ba ta canza lokaci, ya karanta, don haka wayar ba ta da dalilin motsawa. Na ce to ya ɗaga kai. Ranar ta ɓuya a bayan dutsen yamma, inuwa ta rufe mu, har sanyi ya fara sauka, amma kan dutsen gabas ja wur yake da hasken rana. Na yi noma kafin in zo ƙasar nan. Na san inuwar dutse, na san faɗuwar rana. Bai ɗaga kan ba. Wayar yake kallo. A nan ne ya faɗi maganar nan a kan agogona.

Abin da ya fi ci mini rai matata ce. Ta dube ni, ta dubi ƙaninta, ta ce, “Malam, ka bari mana, shi fa ya san abubuwan nan.” Suka yi bismilla suka ci dabino. Na koma gefe na zauna a kan dutse, na juya musu baya, ina jin ƙarar cokali a kofi. Awa guda cur. Sai da jan nan ya hau ya ƙare a kan dutsen gabas, sama ta yi toka-toka, sannan na sha ruwana ni kaɗai. Kunun ya huce. Su ma suna da ido, sun ga tsawon lokacin da haske ya ɗauka bai tafi ba.

Washegari a hanyar filin jirgi muka tsaya gidan mai. Akwai agogon bango a bayan mai karɓar kuɗi. Na ga Likita ya kalle shi, ya kalli waya, ya tambayi matar. Ta ce haka ake fama a wurin, in waya ta kamo sabis daga Utah sai ta ɗauki lokacin can, su kuma jiya suka tura nasu gaba. Ina tsaye a bayansa, na ji komai. Ya fito ya tayar da mota ya kama zancen tsadar mai.

Matata tun a jirgi ta ba ni haƙuri, a hankali, ta ce za ta rama azumin. Shi kuwa shiru. Da Salla muka je Bowie, ya cika mini faranti da kansa, ya zaɓo mini tsoka, ya ba mutane labarin duwatsu da taurari, ya tsallake Lahadi. Na ci abinci na tafi. Ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Ba ramuwar azuminsa ce ta dame ni ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. So nake in san ko maganata tana da sauran nauyi a wurin yaron nan, ko kuwa na zama tsohon da ake kai wa yawo a cika masa faranti.

Wata Alhamis da yamma, bayan Salla da mako biyu, na dawo daga aiki na tarar da motarsa a ƙofar gidanmu. Yana falo, a kan kujerar nan tasa ta da. Ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya daɗe bai yi ba. Yayarsa ta kawo masa ruwa ya ce a ajiye tukuna. Na dubi leɓensa, a bushe: ramuwar Lahadin nan yake yi. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi ƙafata, ya tambayi aiki. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Yaya, ƙarfe nawa ake shan ruwa yau?”

Wayarsa tana aljihun gaban rigarsa, ina ganin kanta. Na gane iyakar abin da bakinsa zai iya ke nan. Da na so in bar shi haka, amma abin ya daɗe a cikina, kuma ni ba na iya haɗiye magana.

Na ce, “Likita, ka saurare ni. Ka fi ni karatu, kuma ina alfahari da haka, har a gareji ina ba da labarinka. Ka ce kar in ci gishiri, na bari, ban tambaye ka dalili ba. To ni ma akwai ɗan abin da na sani. In na ce maka rana ba ta faɗi ba, ka ɗaga kai ka duba kafin ka yi mini dariya a gaban matata. In ka duba ka ga na yi kuskure, ka yi dariyarka, ni ma zan taya ka. Shi ke nan, ya wuce. Tashi ka yi alwala, saura minti ashirin da biyar, kuma a nan za ka sha.”