Kawuna Tara da Na Ƙirga

Ni dai har gobe ba na son ganin kamfas, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da 'yan makaranta ke zana da'ira da shi. Jikana ya taɓa mantawa da nasa a kan tabarmata, na ɗauka na cilla shi bayan katanga. Uwarsa ta tsaya tana kallona kamar wanda ya taɓu. Ban yi mata bayani ba a ranar, to bari in yi yanzu.

Lokacin da aka yanke mu daga Kano aka ba mu jiharmu, aka ce mu tattara mu koma Dutse, ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen tsara harkar makarantu. Ofishinmu gidan haya ne mai ɗaki uku, fayil-fayil ɗaure da igiya a jibge a ƙasa kamar dammunan gero. Babu wanda zai iya gaya maka makarantu nawa muka gada, balle yaran da ke cikinsu. Manya duk iyalansu na Kano, Alhamis da azahar sun fece, sai Litinin da hantsi ka gan su suna hamma. Ana haka sai ga takarda, ana neman mutum ɗaya ya tafi kwas na wata uku a wata cibiya can Kudu, inda ake koyar da tsarin ilimi da tafiyar da makarantu. Kowa ya noƙe, ga nisa ga abincin da ba namu ba. Darakta ya leƙo ta taga, ni ya fara gani, ni aka tura.

Ba zan yi wa cibiyar nan ƙarya ba, sun koyar da mu. Akwai wani dogon malami mai tabarau wanda ya dasa mana abu biyu a ka. Na farko, kada ka kuskura ka yarda da rajistar hedimasta. Rajista takarda ce, kowa na iya cika ta da sunayen 'yan uwansa har da waɗanda suka mutu. Ka je da ƙafarka, ka ƙirga kawunan da ka gani a zaune, ka rubuta, shi ke nan. Na biyu, taswira. Ka kafa ƙafar kamfas a kan makaranta, ka zana da'ira iyakar inda ƙafar yaro za ta iya kai shi. In da'ira biyu suka hau kan juna, ɗaya kuma ba ta da yara, sai a haɗe su, a kwashi malamai da benci a kai inda ake bukata. Wallahi a jikin allo abin gwanin sha'awa. Su a ƙasarsu mutane ba sa tashi, inda aka haifi yaro nan yake har ya gama firamare. Ni kuwa da kakana makiyayi ne, ni da na san abin da rani ke yi wa ruga, ina zaune a layin gaba ina ta gyaɗa kai. Ko sau ɗaya ban ɗaga hannu ba.

Na dawo da satifiket da kamfas da hanci a sama. Mai ɗakina ta ce, "Tunda ka dawo, ko gishiri ne ya yi kaɗan a miya sai ka ce rashin tsari ne." Dariya na yi, a raina kuwa na ce ita ma ba ta waye ba.

Da sanyi ya wuce zafi ya fara, aka ba ni babur da tarin fom aka ce in fita ƙidaya, daga wajen Ringim in gangaro Kafin Hausa in ƙare a ƙasar Buji. A nan na gane hedimastoci sun riga malamin cibiya wayo tun kafin a haife ni. Aron yara suke yi. Da an ji mai ƙidaya na tafe, sai a aika wa mai unguwa, a tattaro duk yaron da ke bakin rijiya ko gindin kuka, a wanke masa fuska a zaunar da shi. A wani ƙauye na ga wata yarinya mai wawulo da jan ɗankwali da sassafe. Da hantsi na isa makaranta ta gaba, ga ta a bencin farko tana haki, ta yanko ta gonaki ta riga ni. Har da gaishe ni: "Malam, ka iso?" Na yi dariya, na ƙirga ta karo na biyu. Fom kai ya ce in ƙirga, ga kuma kai.

Daga nan na gangara wani kwari, babur na nitsewa cikin yashi, na haura zuwa makaranta ta ƙarshe. Aji biyu ne na ƙasa da rufin kwano. Hedimastan wurin tsohon malamina ne, shi ya koyar da ni a aji uku a Kafin Hausa, shi ya riƙe hannuna na fara rubuta lamba a miƙe. Baba Malam muke ce masa. Na san labarin makarantar nan tun kafin in gan ta. Shekaru ya yi yana bin rugagen yankin a kan keke, yana zama a gaban Ardo yana shan nono yana lallashi, har aka fara ba shi yara ɗaya bayan ɗaya. Tubalin ginin ma da shi aka buga.

Ya kama hannuna da hannu biyu. "Ɗan nan, kai aka turo? Alhamdu lillahi, namu ya samu."

Aka kawo fura na sha, na shiga aji. Kawuna tara. Na leƙa ɗaya ajin, benci ne kawai.

Na ce, "Baba Malam, ina sauran?"

Ya ce, "Sun bi shanu mana. Kai ma ka san lokacin. Tun da aka gama cin karan gonaki suka yi kudu. Bari ruwan farko ya sauka ka gani, benci ba ya isar su."

Ya ɗauko rajista a naɗe cikin tsohon zane, ya buɗe mini watannin damina. Suna saba'in da ɗaya, kowace rana da alamarta. Na kau da kai na ce ba a duba rajista, an hana mu.

"Wa ya hana?"

"Cibiya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ita cibiyar ta san ruga?"

Mai unguwa, wanda ke tsaye a bakin ƙofa tun isowata, ya ja ni gefe ya ce in ɗan zauna a inuwa in ƙara fura, yanzun nan za a cika mini ajin. Allah ya sani so nake in ce to. Amma tsohon ya ji mu. Ya ce, "A'a. Ba za a zaunar mini da yaron da ban taɓa koya wa komai ba a ce nawa ne. Shekara nawa ina zane yara a kan ƙarya?" Ya juyo gare ni. "Rubuta abin da ka gani, tara ne. Sai dai ka ƙara a ƙasa cewa sauran sun tafi kiwo, za su dawo da damina."

Na ce, "To, Baba."

Fom ɗin ba shi da gurbin wannan magana. Akwai dai farin wuri a gefe, wanda zai ɗauki layi biyu har da ƙari. Amma a cibiya rage maki ake yi in ka yi rubutu a wajen akwati, wai ka ɓata fom. Na rubuta tara, na ja layi, na rufe biro. Na ce a raina in na koma ofis sai in faɗa da baki. Tir da ni, ban faɗa ba.

A Dutse na shimfiɗa taswirar da muka gado daga Kano, na kafa kamfas. Da'irar Baba Malam ta hau kan ta makarantar da na ƙirga yarinya mai jan ɗankwali karo na biyu. Waccan cike, wannan tara. Kwarin da ke tsakaninsu babu shi a taswirar ko da ɗigo, alhali da damina ruwansa har ƙirjin babban mutum yake kaiwa. Na rubuta a haɗe su. Darakta ya ji daɗi, aka yi wa rahotona shuɗin bango, aka aika kwafi cibiya, su kuma suka rubuto suna yabon ɗalibinsu. Kafin bazara ta ƙare mota ta je ta kwashe bencin. Duk waɗanda suka yi aron yara ba wanda aka taɓa wa makaranta, wasu ma malamai aka ƙara musu.

Ruwa ya yi sati uku da sauka sai ga Baba Malam a ofishinmu, bakin wandonsa duk taɓo. Ya cire takalmi a ƙofa, ya tsaya gaban teburina, ya ƙi zama.

"Yallaɓai, yaran sun dawo."

Yallaɓai! Mutumin da ya share mini majina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce fayil ya riga ya hau sama, ba ya hannuna.

Ya ce, "Abin da na ce ka ƙara a ƙasa, ka ƙara?"

Na yi ta jujjuya biro. Sai ya ce, "Allah ya ƙara girma." Ya sa takalminsa ya fita.

Kada in rage wa kaina abin da na yi, na shiga wurin Darakta washegari. Ya ce, "Kai ka kawo lissafi, kai kuma za ka ƙaryata shi? So kake a ce kwas ɗin banza muka tura ka?" Na tattara na fito. Aka mayar da Baba Malam malamin aji a ƙarƙashin hedimastan waccan makarantar mai aron yara, bai daɗe ba ya yi ritaya. Ni kuwa addu'arsa ta kama ni, girma ya yi ta ƙaruwa.

Da shekarun shari'a suka zo, Dutse ta cika da wa'azi. A ofis waɗanda suka fi kowa iya gudu ranar Alhamis su suka fi kowa tsawon carbi. Wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan shaidar zur, ina zaune ina kare kaina: ai ni ban rubuta ƙarya ba, tara na gani. Na yi ta maimaitawa har aka tayar da salla, zuciyata ta ƙi karɓa. Asabar na kama hanya.

Makarantar na nan, ba rufi, wani ya tara harawa a ajin da na yi ƙidaya. Baƙin allon kawai ya rage a bango. Na sami Baba Malam a zaurensa, ido ya yi rauni, sai da na faɗi ko ni wane ne. Na durƙusa na faɗi komai, har da farin wurin da na bari a gefen fom, na roƙe shi gafara.

Ya tashi da kyar ya shiga gida, ya fito da rajistar nan cikin zanenta.

"Nawa na yafe tuntuni. Ni me na rasa, kujera? Taran nan wasunsu sun ci gaba. Amma sittin da biyun da ba ka ƙirga ba, ko ɗaya bai sake shiga aji ba. Na koma wurin Ardo, ya ce tunda gwamnati ta ce babu su, to babu su." Ya ɗora mini ita a cinya. "Ba ni da ikon yafe nasu. Kai ne mai ƙirga, je ka neme su."

Tana nan a akwatina. Na sha buɗe ta, na sha cewa bana zan shiga rugage, ban je ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Shekarun baya ina zaune a wani kantin magani a Kafin Hausa, wani Bafulatani magidanci ya miƙo mini takarda, ya ce in taimaka in duba masa yadda zai ba 'yarsa maganin da ya saya, ya manta abin da aka ce. Ina dubawa ya ce, cikin jin kunya, "Ni ma fa na fara boko, Alhaji. Na kusa iya haɗa baƙi." Ya faɗi sunan ƙauyen. "Muka tafi kiwo, muka dawo muka tarar wani mai babur ya zo daga Dutse ya ce babu mu."

Ga shi a gabana, ɗaya daga cikinsu, abin da aka ce in nema ya zo da ƙafarsa. Na buɗe baki. Na ce masa cokali ɗaya, sau uku a rana, bayan ta ci abinci. Ya yi ta sa mini albarka har ya hau kekensa.