Ɓawon Maɗacin Inna

Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Inna muna zaune a unguwar Treichville, can ƙasar kurmi da Faransa ke mulka, ɗaki guda a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Baba mahauci ne, amma abin da ya gada a garinsu sanin itace ne. Ya ce maganinta ɓawon maɗaci, kuma ya ga ɗan'uwan itacen a dajin da ke bayan Adjamé, har ya ɗanɗana ya ji ɗacin iri ɗaya ne.

Dajin nan kuwa an riga an hana. Wani tafinta ya taɓa zuwa ƙofar masallaci da Bature a bayansa, ya ce gwamnati na tsaron itatuwa ne saboda jikokinmu. Mu jikokin muna tsaye muna kallon gungume-gungume a bakin ruwa, kowanne ya fi ɗakinmu tsawo, ana jan su zuwa jirgin Faransa.

Baba ya tafi da safe. Ɓawon da ya yanka bai wuce tafin hannu ba. Da wani ne, da ya cusa a aljihu ya ranta a na kare. Shi kuwa a garinsu ba a barin itace da rauni, sai an shafe wurin da laka. Ya gangara rafi ya ɗebo, yana tsaka da shafawa gardin daji, mai yi wa gwamnati gadi, ya dafa shi.

Wani mai kai shanu ne ya kawo mana labari. Ya ce Baba ya roƙi gardin, "Yallaɓai, ka kai ni ko'ina, amma ɓawon nan a kai wa iyalina." Gardin ya ce, "Defandi! An hana! Wannan shaida ce, gun kumanda za ta."

Hukuncinsa aikin dole, kuma aikin sarar itace ne. An ba shi gatari ya yi ta kayar da maɗatai, ɓawonsu na ruɓewa tuli a ƙasa.

Ban ce ɓawon zai tashe ta ba, wannan sai Allah. Amma ta yi ta tambaya ko ya dawo har muryarta ta ɗauke, kuma har yau ban yafe ba.

Ya dawo bayan mun yi sadakar arba'in, aljihunsa cike da ɓawo. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce mini, "Ɗora ruwa. Ina innarki?"