Sunan da Ba a Ba Jikanka Ba

Allah ne ya ba mu, shi ne kuma ya karɓa. Da hantsin Alhamis, sha ɗaya ga Satumba, yayana Zaharias Tsiolis ya rasu a gidansa da ke garin Kozani na ƙasar Girka, yana da shekara saba'in da tara.

Yaya, shekara arba'in kana jan waƙa a coci. Kai ka koya wa kanka Ibrananci da wani tsohon ƙamus, don kawai ka san asalin sunayen da muke kiran juna da su. Ina yarinya na tsani sunana, ka zaunar da ni ka ce Elisavet daga Elisheba ya fito, wato Allahna ne rantsuwata, harshen Girkawa ne ya lanƙwasa shi. Naka kuma Zekarya ne, Ubangiji ya tuna. Iyaye nawa suka zo maka kafin baftisma, ka ba su kofi da bayani, suka tafi da fara'a?

A al'adarmu ta Girkawa, kowa ya san jikan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ɗauka. Da aka yi wa ɗanka Lefteris haihuwa, har sarƙar gicciyen babanmu ka kai aka wanke. Ranar baftisma kana tsaye kana waƙa, uban baftisma, wanda a al'ada shi ke sanar da sunan jariri, ya ɗaga murya ya ce Filippos, sunan surukin ɗanka. Ba wanda ya gaya maka tukuna. Duk da haka ka kai waƙar ƙarshe, ka kuma rataya wa yaron sarƙar.

A bakin coci Lefteris ya ce, "Baba, kada ka ɗauka da zafi. Sunan ne ya tsufa, dariya za a yi wa yaro a makaranta."

Ka ce, "Ya tsufa kam, ɗana. Ya fi shekara dubu biyu."

Daga nan ba ka sake ta da maganar ba. Ni ce na kasa haɗiyewa, har yau kuma ban haɗiye ba.

Shekaranjiya, wajen addu'ar kwana tara, muna raba dafaffiyar alkama a bakin kabarinka, Lefteris ya ja ni gefe idonsa jawur. Ya ce, "Gwaggo, matata tana da ciki. In namiji ne, Zaharias za mu sa." Na ci gaba da rabon alkamata. An yi ihu bayan hari.

Ubangiji ya jiƙanka, Yaya, ya ba ka hutu cikin salihai. Ina yi wa matarka Stamatia da 'yarka Vasiliki ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Kai ma Lefteris ina yi maka, don uba ka rasa, Allah kuma ya sauki matarka lafiya. Ku sa wa yaron sunan in kun ga dama. Abin da tsohon ya so shi ne a kira sunan nan daga kicin, mutum biyu su waiwayo. Yanzu ko kun kira, ɗaya ne zai amsa.