Ragon suna da bagaruwar Yaya

Babu jarrabawar da ta fi auna darajar mutum a Agadez irin ragon da ya ɗaure a tsakar gidansa. Ana iya yafe maka katangar da ta rushe da rawanin da ya koɗe, amma ƙashin haƙarƙarin ragonka kowa zai ƙirga, har liman.

Shekarar da na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, matar ɗana ta samu ciki na fari. Shi yana Arlit wajen aiki, sai na ɗauki ragon suna a kaina, na kuma faɗa gaban surukanmu na Iferwan, mutanen da suka san dabba kamar yadda na san alli. Na sayo ɗan rago fari, na tsara masa ci: harawa, dusa, ɗan gishirin Bilma, da 'ya'yan gawo in an samu.

Abin da ban tsara ba shi ne Yaya. Gida ɗaya muke da wana, tsakar gida ɗaya, kuma shekarunsa yana kai wa majema bagaruwa. Abin da ya rage a buhu yakan zuba wa awakinsa. Da ya ga ragon, sai kirki ya motsa masa. Kullum da hantsi in na dawo daga kasuwa, sai in tarar da komin abincin ragon cike da bagaruwa, harawata a ture gefe.

Na same shi a zaure, na durƙusa yadda ya kamata.

"Yaya, bagaruwar nan ta yi masa yawa."

"Ci yake ko ba ya ci?"

"Yana ci, don da ita ake fara tare shi. Amma ka san abin da take yi wa fata a ramin jima? Ta kama ta, ta ɗaure ta, ruɓa ba ta samun ta. To, haka take kama abin da ke gina nama a cikin tumbi. Kaɗan ba laifi, har amfani take yi. In ta yi yawa, abin sai ya wuce a ɗaure, ya fita da kashi. Dusar da nake ba shi ma tare suke tafiya."

Ya dube ni, ya dubi awakinsa da ke sheƙi a gindin bango, ya kira ni da sunan Faransanci da 'yan lakwal ke kiran malaminsu.

"Mushe, waɗancan fa? A jeme suke?"

Na ce akuya daban ce. Tun asali a kan itace take kiwo, jikinta ya fi jure wannan ɗacin, rago kuwa ɗan ciyawa ne. Na ce a littafi sunan abin tanin.

"Tanin," in ji shi, yana juya kalmar a baki kamar dabinon da ya bushe. "To, ka karanta wa ragon, wataƙila bai sani ba."

Kyautar babba ba a mayar da ita. Na koma kwashe bagaruwar a ɓoye, in zuba bayan ɗaki. Ya lura abin da ke komin na saurin ƙarewa, ya yi murna, ya ƙara mudu. Na mai da ragon ƙofar ɗakina, ya biyo shi da ƙwarya. Na roƙi matata ta sa baki, ta ce, "Malam, ni zan ce wa wanka kada ya yi alheri?" Rago kuwa ciki ya tashi, cinya ta faɗa, gashi ya yi tauri kamar tsintsiya. Shekaru na yi ina fahimtar da 'ya'yan mutane rabon lissafi, ga shi tumbi ɗaya ya gagare ni.

Aka haifi namiji. Ana gobe suna surukai suka iso da buhun albasa da lemo. Babbansu ya zaga ragon, ya taɓa gadon bayansa, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Yaya ne ya yi gyaran murya, ya ce ai ragon ƙanensa na littafi ne, a bar shi ya gama karatu, ya sa aka jawo babban bunsurunsa.

Shi aka yanka. Baƙi suka yaba kitse, suka tambayi me ake ba shi, suka koma Iferwan da buhu biyu na bagaruwa don tumakinsu.