Ɗankwalin Malama Rifkatu

Har yau ban manta da ranar da keken ɗinkina ya fara wani siririn kuka ba. Da hantsi ne, yara sun tafi makaranta, na ɗora wake a wuta, na zauna ina taka keke. Ciyu, ciyu. Na ɗauka tsatsa ce, na ɗauko man keke na ɗiɗɗiga a ko'ina. Na ɗauke ƙafata, keke ya tsaya, kukan bai tsaya ba.

Ku da kuke koyon ɗinki a hannuna kun san dokata ta farko: ƙyalle na mai kaya ne. In an kawo miki turmin atamfa, kika fitar da riga da zani, sai ki ware abin ɗankwali, sauran guntayen ki naɗe ki ɗaure, ki mayar wa mai shi ko da bai tambaya ba. A lokacin ina ajiye irin waɗannan ƙunshin a wani kwando ƙarƙashin teburin yanka. To a nan na leƙa. Wata farar kyanwa mai baƙin kunne, wadda nake zuba wa sauran miya a bakin rariya, ta kwance ƙunshin da ke sama, ta shimfiɗa, ta haihu. 'Ya'ya uku, idanu a rufe, ko cikin tafin hannuna ba su kai ba.

Na ce Masha Allah. Sai kuma na gane zanen da suke kai.

Na Malama Rifkatu ne, tsohuwar hedimistires 'yar garin Agwada da ta yi ritaya ta zauna nan Keffi. Mace ce da take juya riga ta duba cikin ɗinki kafin ta duba waje. 'Yarta tilo, Saratu, za ta yi aure a ƙarshen makon, atamfar nan kuwa marigayi mijin Malama ne ya saya mata tun da daɗewa, ta adana a akwati don wannan rana. Babu irinta a kasuwa. Abin da kyanwa ta haihu a kai kuma ba guntu ba ne, yadin ɗankwalin ne gaba ɗaya, wanda na naɗe tare da guntayen. Jini da ruwan haihuwa sun riga sun kama shi.

Ga ɗinkin ƙawayen amarya jibge, ga girki, ga ɗaukar yara daga Islamiyya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Ummi, ki zare zanen ki jiƙa da sabulu, ki goge. Wa zai sani?" Amma mun taso ana cewa in ka taɓa shimfiɗar kyanwa mai jego, takan yi ƙaura ta bar 'ya'yan. Na miƙa hannu, uwar ta ɗago ta dube ni, ba ta yi gurnani ba, sai ta ƙara jawo ƙaramar cikinsu da hannunta. Na janye nawa. Bayan na yi Azahar na kira Malama a waya, na ce ta daure ta zo, akwai abin da ya kamata ta gani da idonta.

Ta iso da lema da jakarta, ko zama ba ta yi ba. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata komai.

"'Yata, ɗankwalin nawa?"

"Shi, Mama."

"Ina yake?"

Na ɗaga labulen teburin. Ta leƙa. Sannan ta ajiye jaka, ta dafa kafaɗar Ummi, 'yata ta fari da ke aji ɗaya a lokacin, ta sauka a kan gwiwoyinta da ƙyar. Ƙaramar kyanwar nan mai ɗigon baƙi a hanci tana ta laluben nono tana ɓacewa. Malama ta sa ɗan yatsa ta tura ta a hankali har ta kama.

"Baban Saratu ke nan," in ji ta. "Duk kyanwar unguwa ta san ƙofar kicin ɗinmu. Ina kora, yana kira. Yanzu ya tafi, ya bar musu zane."

Ta yi dariya, ta goge ido da bayan hannu. Na ce zan wanke in gwada. Ta ce, "Kar ki taɓa mai jego. Ke dai tela ce, ko ba haka ba? Nemo mini abin da zan ɗaura."

Guntayen da suka tsira na harhaɗa, na daidaita furannin baki da baki, na kewaye da shuɗin yadi. Aikin ya ci mini yini guda. Ranar da ta zo karɓa ta juya shi ta duba cikin ɗinkin, ta ce, "To." A bakin Malama, wannan yabo ne.

Bayan biki 'ya'yan suka buɗe ido, ɗakin ɗinki ya zama nasu. Tef ɗin awo ya zama maciji, zare ya zama abin farauta. Kafin in taka keke sai na leƙa ƙasa, don akwai mai son barci a kan matakin. Ina yanka, ɗaya na bin almakashi da ido kamar mai koyo. Aikina bai ragu ba, amma gajiyar ta yi sauƙi. Ummi kuwa ta zaɓi mai ɗigon hanci, ta sa mata suna Ɗigo, da ita take karin kumallo.

Malama ma ta fara zuwa. Yau maɓalli ya cire, gobe a rage mata wuyan riga. Sai ta zauna a tabarma da Ɗigo a cinya har La'asar. Wata rana ta ce, ba da ni take ba, "Tun da Saratu ta tafi, ko cokali ya faɗi a gidan nan sai na ji daɗi." Ban iya ce mata ta ɗauki Ɗigo ba, don na san ta Ummi ce.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan: mai kawo miki zane, sau da yawa ba zane kaɗai ta kawo ba. In abu ya samu kayanta, ki kira ta ta gani. Abin da za ta yafe ya fi abin da za ki iya ɓoyewa.

Da aka yaye su, na wanke yadin nan, tabon bai fita ba. Na naɗe shi zan sa wa Malama a jaka kamar yadda na saba. Ummi ta karɓe daga hannuna, ta shimfiɗa a kwali, ta ɗauko Ɗigo ta sumbace ta, ta kwantar a kai. Ta dube ni ta ce:

"Mama, ba ke kika ce ƙyalle na mai kaya ne ba? To wadda aka haifa a kai ma tata ce. Amma ki ce mata ta riƙa kawo ta gwaji."